Ranar da Na Ba Mai Ɓata Sunana Igiyata

Shekarun baya, wajen lokacin da ake ta maganar Nasara ya ɗauke gwamna daga Damagaram ya kai Yamai, ina cikin masu haƙar rijiya a ƙasar Damargu. Ba gadon gidanmu ba ne. Mu manoman hatsi ne a Belbeji, sai dai ni tun tasowata jinina bai haɗu da hauya ba. Karatu kuma abin salla kawai na samu, shi ma malamin da ya koya mini ya ce ladansa sai dai a lahira. Abin da na iya tun asali shi ne surutu da ba mutane dariya. Da na ga ba a cika ciki da wannan, sai na bi masu haƙa.

Wanda bai san rijiyar ƙasarmu ba zai ɗauka rami ne kawai. In ka kai ƙasa ka ɗaga kai, bakinta bai fi faifai ba. Mutum ɗaya ke sauka da dagi da ƙwarya, yana zuba ƙasa a wasaki, wato gugan fata, ana ja. Cikin na sama kuma akwai guda da muke ce wa mai riƙo. Shi ke naɗa igiyar mai sauka a jikin gungumen da aka kafa, shi ke sassautawa, shi ke tsayarwa, kunnensa yana cikin rami. Ranka gaba ɗaya yana tafin hannunsa.

Maigidanmu, tsohon da muke aiki a ƙarƙashinsa, yana da tsarinsa a kan wannan. Mai sauka shi ke zaɓen mai riƙonsa da safe, a gaban kowa, ya ce, "Wane, kama mini." Wanda aka kira ba ya ƙi. Daga sa'ad da ya kama igiya kuma ba ya buɗe baki har mutuminsa ya fito, ko sallama aka yi masa sai dai wani ya amsa. Sa'an nan in ka riƙe wa mutum, ranar saukarka shi zai riƙe maka. Ramuwa muke ce mata. Wanda ya ƙi ramuwa sai ya faɗi dalilinsa a gaban maigida, a kira liman ya zo da Alƙur'ani.

To, ni da bakina, za ku ce yaya na yi da dokar shiru? Na iya. Ina tara maganata ne kamar mai tara fitsari, in mutum ya fito in zazzage musu ita. Riƙona kuwa ba laifi, har wata rana da tsohon zai sauka ya duba bangon rijiya da kansa, ya waiwayo ya ce, "Kai ɗan Belbeji, kama mini."

Nan matsalar ta faro, ni ban ma sani ba. Akwai wani dogo a cikinmu, ya girme ni, ya kuma daɗe a aikin. Gwani ne, wannan ba zan hana shi ba. Shekara da shekaru shi ke riƙe wa tsohon. Ranar nan yana tsaye da hannu a miƙe zai karɓi igiya, aka tsallake shi aka ba mai surutu. Ni kuwa don rashin hankali, da tsohon ya fito na yi ta yawo ina cewa a riƙa gaida ni da hannu biyu.

Muna haƙa wa makiyaya wata rijiya ne a arewa da Belbeji, Fulani da Buzaye suka haɗa kai suka kira mu. Ba a daɗe ba na lura an daina kirana. Yau a kira wane, gobe a kira wane, ni sai kwasar ƙasa a kwando ina kaiwa nesa. Ranar saukata kuma, abin mamaki, sai cikin kowa ya murɗa. Wannan ya ɗauki buta ya yi bayan tudu, wancan ya tuna jaki bai sha ruwa ba. Tsoron kowa kada in kira shi ramuwa ta hau kansa. Sai wani abokina kaɗai ke tsayawa, wanda kuma taubashina ne.

Shi ya gaya mini, muna shan fura a inuwar wata aduwa.

Ya ce, "Kai bawana, wai ka kashe mutum ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya ce, "Bar wasa. Dogon nan ya ce a rijiyar wajen Tenhya kai ne mai riƙo. Wai kana ba da labari kana ƙyaƙyata dariya, igiya ta suɓuce maka, mutum ya faɗa ya mutu. Wai shi ya sa ka baro can."

Na ajiye ludayin. Abin da ya sa maganar ta kama ni shi ne rabinta gaskiya ce. Na yi aiki a wata rijiya wajen Tenhya kafin in zo wurin tsohon nan, kuma mutum ya mutu a cikinta. Bango ne ya zubo masa, rairayi ya rufe shi. Ranar ma ni an aike ni saran itacen ɗaurin rijiya, sai dawowa na yi na tarar ana tono. Da hannuna na taya aka fito da shi, da ni aka yi masa sutura. Mutumin kirki ne, ya bar mata da ciki. Wannan mutuwa dogon ya ɗauko ya rataya mini.

Kuma wa zai ƙaryata? Kowa ya san ni da dariya. In an ce mai surutu ya saki igiya garin surutu, ko ni aka ba labarin a kan wani zan yarda.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowane wawa ke yi. Na bi mutane ɗaya-ɗaya ina rantsuwa. In tare wannan a wurin alwala, in tare wancan yana cin tuwo. "Wallahi ban riƙe ba. Tallahi ina wurin itace." Su ce, "Ayya, ai mu ba mu ce komai ba." Har waɗanda ba su ji labarin ba, a bakina suka ji shi. Wata Bafillatana da ke kawo mana nono ba ta san komai ba sai da na zaunar da ita na wanke kaina. Washegari ta ajiye ƙwaryarta nesa da ni.

Daga nan na je wurin dogon. Na same shi yana wasa dagi a kan dutse.

Na ce, "Yaya, me na yi maka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da aka yi me?"

"Maganar Tenhya."

"A'a, yaro. Ni ma ji na yi."

"A wurin wa?"

"A kasuwa."

"Wace kasuwa?"

Ya ce, "Kai, ni ban riƙe ba. In ba ka yi ba, me ya dame ka?" Ya ci gaba da wasa daginsa.

Na kai wa tsohon ƙara. Ya saurare ni yana taunar taba, ya tofar, ya ce shi ba wanda ya zo gabansa ya faɗa, kuma ba zai tilasta wa kowa ya ba da ransa ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Na ji haushinsa a lokacin, amma da na tsufa na gane ba shi da wata hanya.

Sai jiki ya fara karɓa. Ni da ake ɓoye tuwo in an gan ni, na koma in yi loma biyu in tsame hannu. Barci ya zama rabi da rabi. In na ga mutum biyu suna magana, na san da ni suke, ko da kuwa cinikin akuya suke yi. Dariya ta ɗauke. Abin da ya tsorata ni shi ne wata rana ina ƙasan rijiya, na tsaya da dagi a hannu ina shirya amsar da zan ba dogon a raina, rairayi yana tsiyayowa daga bango a kafaɗata ban ji ba. Sai da abokina ya girgiza igiya da ƙarfi na farga. Da na fito ya ce, "In mutuwa kake so, ka nemi wani mai riƙon. Ni ba za a ɓata mini suna ba, na gidanmu guda ɗaya da ya ɓaci ya isa."

Ranar kasuwa na roƙi tsohon na tafi gida. Mahaifiyata tana sussuka a tsakar gida, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Wannan wuyan fa? Zakara ma ya fi ka."

Na zauna na kwashe mata labari, har da kwaikwayon muryar dogon. Na zaci za ta ɗaura zane ta ce a kai ta wurinsa. Sai ta tashi ta dama mini fura mai kauri, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Shanye tukuna."

Na shanye. Ta ce, "Ka saki igiyar?"

Na ce, "Haba Inna!"

Ta ce, "To ni na ji, sau ɗaya ka faɗa mini kuma ya ishe ni. Su ma sau ɗaya za ka faɗa, inda kowa zai ji, ka rufe bakinka. Ka bar bin mutane kamar mai tallan kanwa. Kuma ka ji ni da kyau: ban haife ka don rijiyar Fulani ba. In ruwa ya fito ranka bai dawo daidai ba, ka tattaro tsummanka. Hauyarka tana nan, ba wanda ya taɓa ta, don ko kai ba ka taɓa ta ba."

Na kwana biyu ina ci ina barci kamar baƙo. A hanyar komawa, ina tafe bayan jakin wani mai kai hatsi Tanut, dabara ta faɗo mini. Na yi dariya ni kaɗai har mai jakin ya waiwayo. Daga baya kuma dariyar ta ɗauke, don na gane abin da dabarar take bukata.

Ranar saukata ta zo. Kamar kullum, masu buta suka yi bayan tudu, jakuna suka samu masu tausayinsu. Abokina ya matso yana tofa yawu a tafin hannu. Dogon kuwa yana zaune a kan tulin ƙasa, ya miƙe ƙafa. Shi bai taɓa guduwa ba, don bai taɓa kawo wa ransa zan kira shi ba.

Na ɗaura igiya a ƙugu, na gyara murya, na ce, "Yaya, kama mini."

Ya waiwaya bayansa ya ga ko akwai wani yayan.

Na ce, "Kai fa. Duk wurin nan ba wanda ya kai ka riƙo."

Abokina ya ja ni gefe. "Kai bawana, a gida haukar ta kama ka ko a hanya? Mutumin da ba ya ƙaunar ganinka?"

Na ce, "In na faɗa yau, kowa ya san hannun wa. Ba wanda zai kula da ni kamarsa."

Bakina ne ya faɗi haka, cikina kuwa wani abu daban yake faɗa. Tsohon ya dubi dogon, ya ce, "An kira ka." Dogon ya tashi ya naɗa igiya a gungume, fuskar nan kamar an aiko masa da rasuwa.

Ban taɓa jin tsawon rijiya irin na ranar ba. Duk addu'ar da na iya na karanta, da suka ƙare na sake daga farko, har da ta shiga bayan gida. Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa samun sauka mai laushi kamar wannan ba. Ko bango ban goga ba. Ya ajiye ni a ƙasa kamar ƙwai.

Na yi aiki sosai tukuna, na cika wasaki aka ja, na cika aka ja, har na ji muryoyi sun dawo, masu buta sun gama abin da ya kai su. Rijiya tana da wani hali: in ka yi magana a ƙasa, a sama kamar cikin tulu take fitowa, ba abin da ke ɓacewa. Na jingina dagi na ɗaga kai.

Na ce, "Jama'ar sama, kuna ji na?"

Suka ce suna ji.

Na ce, "Zan faɗi maganar Tenhya sau ɗaya, daga yau ba za ku ƙara ji a bakina ba." Na faɗi yadda bangon ya zubo, da wanda ke riƙo ranar, da inda aka aike ni, da garin da matar mamacin take, da cewa maigidan wancan aiki yana nan da ransa, mai ƙafa ya je ya tambaya. Ban ambaci dogon ba ko sau ɗaya. Na ƙare da cewa, "Wanda ya san ba haka aka yi ba, ya yi magana yanzu ina ji."

Shiru. Mutum ɗaya ne zai iya cewa wani abu, shi kuwa igiya tana hannunsa. Abokina ya ce mini daga baya, wai leɓen dogon har rawa yake yi, tsohon kuma ya kafa masa ido yana taunar taba.

Na ce, "To madalla. A turo wasaki."

Wannan rabin dabarar ke nan. Sauran rabin sai da saukar dogon ta zo. Da safe ya ce cikinsa na ciwo. Tsohon ya ce Allah Ya ba da lafiya, wani ya sauka, ramuwa za ta jira. Washegari ya ce baya. Tsohon ya ce Allah Ya ƙara sauƙi. Da tsohon ya ga dogon zai ƙare da gaɓoɓin jikinsa, sai ya kira shi a gaban kowa.

Ya ce, "Ka riƙe wa yaron nan, yanzu shi zai riƙe maka. In kana da dalilin ƙi, faɗe shi, in aika a kira liman."

Dogon ya tsaya yana duban ƙasa. Kowa ya san abin da ke gabansa. In ya dafa Alƙur'ani a kan abin da bai gani ba, ya san sauran. In kuma ya sauka a hannuna, ya nuna wa duniya shi kansa bai yarda da labarinsa ba.  Can ya ɗauki igiya ya ɗaura a ƙugunsa, bai dube ni ba, ya ce, "Kama mini."

Na kama. Ba zan ɓoye muku ba, yana tsakiyar rami Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata ya ce, ɗan sassauta kaɗan, taƙi ɗaya kawai, ya ji yadda hanji ke kaɗawa. Na ce masa ya je ya nemi aiki. Na riƙe mutumin nan tun hantsi har rana ta take tsaka. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi abin da ya ga dama. Wani Buzu ya zo a kan raƙumi ya yi ta yi mini sallama, har ya tambaya ko kurma ne. Ban motsa ba.

Da ya fito, jikinsa duk laka, ya kwance igiya ya ce abin da kowane mai sauka ke cewa, "Sannu da riƙo."

Na ce, "Sannu da fita."

Iyakarta ke nan. Bai ba ni haƙuri ba, ranar ko bayanta. Amma da safiyar da ta biyo, ɗaya daga cikin masu butar nan ya yi ta sosa ƙeya, sa'an nan ya ce, "Ɗan Belbeji, kama mini." Daga nan aka ci gaba da kirana kamar ba a yi komai ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya yi kuskure. Mutane ba su cika faɗin wannan ba, na daina jira.

Ana gab da damina muka kai ga ruwa. Makiyaya suka yanka mana rago, aka ci aka yi murna. Tsohon ya ce akwai wata rijiyar a gabas, in shirya. Na ce masa ya yafe ni, ni zan tsaya nan. Ya yi mamaki, ya ce ai magana ta mutu. Na ce ta mutu a wurinsu. Ni kuwa har yanzu in na ga dogon ya matsa kusa da wani yana magana ƙasa-ƙasa, sai hankalina ya bar aiki ya koma kansu. Mai sauka rami ba ya bukatar wannan. Na yi damina a gida, na yi noman da ya ba maƙwabta dariya, da kaka na bi wasu masu haƙa a arewa da Tanut. A wurinsu na tsufa.

Wasu sun ce na gudu bayan na yi nasara. Ni dai na san cina ya dawo, barcina ya dawo. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ba shi da yawa. Mai ɓata maka suna zai iya hana ka aiki, amma hana kai abinci da barci, wannan kai kake taya shi. Ka faɗi gaskiyarka a inda za a ji, ka yi aikinka yadda za a gani, in wurin ya ƙi zaunuwa kuma ka tashi tun da sauran ƙarfinka. Kada kuma ka ɗauka za ka share maganar daga duniya.

Na san haka ne don na yi furfura sosai sa'ad da na zauna shan fura a kasuwar Tanut, mai furar ta ji ni tsohon mahaƙi ne. Ta ce ai aikinmu sai da natsuwa, ita ta ji a wurin kakarta, an taɓa yin wani mai shegen surutu da ya saki mutum a rijiyar Tenhya garin dariya.

Na ɗebi wani ludayin fura na kurɓa. Maganar ko taɓa ni ba ta yi ba.

Ta ce, "Ko ka san shi, Baba?"

Na ce, "Na san shi ƙwarai. Bai saki kowa ba, amma surutun gaskiya ne. Ƙara mini nono, ƴata."